Yadda na yi kafin 'yan wasan poka su samu masauki a gidan abincina a Ingila

Ina da ɗan gidan abinci a wani gari a arewacin Ingila, ni da yayan matata muka haɗa hannu muka buɗe shi. Tsire muke yi, da dafa-duka, da masa ranar Asabar, da shayi mai kayan ƙamshi. Ba ma sayar da giya, ba mu kuma taɓa neman lasisinta ba. Mako bakwai na kwashe ina kai-kawo a kan wata tambaya da na ɗauka ta yini ɗaya ce, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana, don na san akwai 'yan'uwa masu gidajen abinci da shagunan shayi a ƙasar nan da wata rana za a kawo musu irin maganar da aka kawo mini.

Akwai wani dattijo Bature, tsohon direban bas, da yake zuwa cin tsire kusan kowace Juma'a. Wata rana a watan Nuwamba ya gama cin abinci bai tashi ba, sai da mutane suka ragu ya matso kusa da kanta. Ya ce mashayar unguwarsu ta rufe, an sayar da ginin, su kuma su goma sha huɗu ne da suka yi shekaru suna haɗuwa a can duk daren Talata suna wasan karta da ake kira poka, na lig. Ya ga ina da ɗaki a baya mai tebur huɗu da ba a cika zama ba, ko zan ba su aro, su kuma su riƙa sayen abinci. Ya ƙara da cewa, "Ba kuɗi muke zubawa ba, maki kawai muke tarawa." Abin da ya fara zuwa raina shi ne caca. Da na gaya wa Yaya a kicin, ya ajiye wuƙar da yake yankan nama ya ce, "Haba, caca a inda muke neman halal ɗinmu?" Ni ma haka na ji. Amma kuma na san dattijon nan, tun rasuwar matarsa daren Talatar nan ne kaɗai yake fita cikin mutane. Kuma gaskiya daren Talata a lokacin sanyi, da ƙarfe huɗu duhu ya yi, wani lokaci mutum biyar ba sa shigowa. Na ce masa ya ba ni lokaci in bincika.

Abu na farko da na yi shi ne zuwa in gani da idona, tunda gani ya kori ji. Dattijon ya zaga da ni wurare uku cikin mako biyu. Shiga mashaya bai zo mini da sauƙi ba, a kowanne lemo na riƙe, kuma ban jima ba sosai. Wanda bai zauna a Ingila ba ya sani cewa mashayar unguwa a nan ta ɗauki wani ɓangare na aikin da majalisar ƙofar gida take yi a wurinmu: nan ake jin labarin wanda ba shi da lafiya, nan ake gasar jifan kibiya a allo, nan ake kacici-kacici. Wuri na farko tsohon gini ne a bakin wata mashigar ruwa, rufinsa ƙasa-ƙasa, da murhun itace yana ci. Sun haɗa tebura biyu sun shimfiɗa koren ƙyalle. Wata mata ma'aikaciyar jinya ce ke jan ragamar wasan, da ƙaramar kwamfuta a hannunta tana rubuta sunaye. Kowa aka ba shi 'yan kwabban roba daidai da na kowa. Wasan da ake yi shi ne Texas Hold'em: a raba wa kowa karta biyu a rufe, sannan a buɗe guda biyar a tsakiyar tebur, uku a tashin farko, sai ɗaya, sai ɗaya, mutum ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin. Bayan kowane ɗan lokaci agogo ya yi ƙara, a ƙara yawan kwabban da dole mutum biyu su fara ajiyewa, don kada a kwana ana abu ɗaya. Wanda kwabbansa suka ƙare ya tashi, a rubuta masa maki gwargwadon matsayin da ya fita. Ban ga ko sisi a tebur ba. Abin da na fi tunawa shi ne wani saurayi da hannunsa ke rawa saboda ranar ya fara, tsohuwar da ke gefensa ta dafa kafaɗarsa ta nuna masa yadda ake ɗaga gefen karta da babban yatsa ba tare da na kusa ya gani ba. A cikin ukun nan wannan wurin ya fi kwanta mini.

Wuri na biyu babba ne, talabijin ko'ina ana kallon ƙwallo, hayaniya ta yi yawa. A nan kowa fam 5 yake bayarwa kafin a fara, a zuba a ambulan. Na lura mai wurin yana ƙirga sunaye, da suka kai ashirin ya rufe littafi, wasu biyu da suka makara ya ce sai dai su yi kallo. A lokacin ban gane dalili ba. Wuri na uku shi ne ya ruɗe ni, don gidan abinci ne irin na Indiyawa, ana wasa a sama, a tsakiyar dare a tsaya hutu a kawo shinkafa da miyar kori. Na fito ina cewa a raina, in dai gidan abinci zai yi, ni ma zan yi. Ban kula da cewa a bakin ƙofarsu akwai kantar giya da dogayen kujeru ba, inda mutum zai zauna ya sha ya tafi ko bai ci komai ba. Ashe duk maganar a kan wannan kantar take.

Daga nan na nemi masu shirya lig ɗin. Akwai kamfanoni da wannan ce sana'arsu. Wanda aka fi ganin takardunsa a bangon mashayu shi ne Redtooth, wanda ke kai gwanayensa har birnin Las Vegas na Amurka. Tsarin kusan ɗaya ne: mai wuri ya riƙa biyan kamfani wani abu, kamfani ya kawo kayan wasa da manhajar lissafin maki, a ƙarshen zango waɗanda suka fi maki su tafi wasan yanki, daga can zuwa na ƙasa. Na cika fom a shafin kamfanin da mutanen dattijon ke ƙarƙashinsa, bayan kwana uku wani ya kira ni. Bai tambaye ni girman ɗaki ko yawan kujeru ba, tambayarsa ta farko ita ce ko ina da lasisin sayar da giya da kantar da ake sha a wurin. Na ce a'a. Ya ce to da wuya, amma in tuntuɓi sashen lasisi na ƙaramar hukumarmu, in sun yarda a rubuce in dawo. Raina ya ɗan sosu, don na ɗauka ƙin sayar da giya ne ya sa aka raina wurina. Daga baya na gane mutumin gaskiya ya gaya mini.

Daren nan bayan mun rufe na zauna da waya ina karanta shafin hukumar kula da caca ta ƙasar, wadda hedikwatarta ke Birmingham. Dokar da ke aiki ita ce ta caca ta 2005, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a watan Satumba na 2007. A nan na ga amsar abin da ya ɗaure mini kai a wuri na biyu. Doka ta yarda a yi poka a mashaya ba tare da lasisin caca ba, amma da iyaka: mutum ɗaya kada ya zuba fiye da fam 5 a wasa ɗaya, jimillar abin da aka zuba a wurin a yini kada ya wuce fam 100, kyautar wasa ɗaya ita ma kada ta wuce fam 100. Mutum ashirin sau fam 5, ɗari ta cika, shi ya sa ya rufe littafi. Mai wuri ba zai karɓi kuɗin shiga ba, ba zai yanki komai daga abin da aka zuba ba, wanda bai kai shekara 18 ba ba ya wasa, kuma ba a haɗa wasan wuri ɗaya da na wani wuri. Na karanta duk wannan na fahimta, amma ban ga inda aka ambaci irin wurina ba. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa tunda mu ba za a zuba ko kwabo ba, dokar ba ta shafe mu ba. Har na tsara cewa wanda ya ci wasa kowane mako zan ba shi farantin tsire kyauta.

Allah ya sa ban tsaya a kan wannan fahimtar tawa ba. Na aika wa sashen lasisi imel, amsar na'ura ta dawo nan take cewa za su tuntuɓe ni. Na jira mako guda shiru, na buga waya na yi kusan rabin awa a layi, aka ce jami'ar da ke kula da harkar caca ba kullum take ofis ba. A kwana na goma sha ɗaya ta kira ni da kanta, muka sa rana za ta zo ta ga wurin. Ba a karɓi ko sisi ba don wannan ziyara. Ta ce in tanadi takardar hayar shago, da zanen yadda ɗakunan suke, da shaidar rajistar sana'ar abinci, da duk wani lasisi da nake da shi. Kwanakin jiran nan ban ji daɗinsu ba. Duk Juma'a dattijon zai shigo ya dube ni, ba ya tambaya, ni kuma ba ni da abin da zan ce masa.

Ta zo da hantsi kafin mu buɗe, na ba ta shayi, muka zauna a ɗakin bayan. Ta buɗe dokar a kwamfutarta ta juyo mini da ita. Sassaucin da aka yi wa mashayu, in ji ta, yana sashe na 279, amma sashe na 278 ya faɗi wuraren da ya shafa: sai wurin da ke da lasisin sayar da giya a sha a nan, kuma yana da kantar da ake bayar da ita ba tare da sharaɗin sai da abinci ba, kuma a lokutan da lasisin ya yarda a sayar. Ma'ana ko gidan abincin da ke kawo giya tare da abinci kaɗai bai shiga ba, balle nawa. Na ce mata ai mu ba kuɗi za a zuba ba. Sai ta koma sashe na 6 ta sa yatsa a kan layin. A dokar ƙasar nan, caca ita ce yin wasan sa'a don samun kyauta, ko mai wasan ya sa wani abu nasa a kasada ko bai sa ba. Kyauta kuma kuɗi ne ko duk abin da ke da darajar kuɗi. Na tambaye ta farantin tsire fa? Ta ce nawa nake sayar da shi? Na faɗa. Ta ce to kyauta ce. Haka kujerar zuwa wasan yanki inda ake cin kuɗi ko tafiya, ita ma tana da daraja, don haka makin da zai kai mutum can ba maki ba ne kawai. Jikina ya yi sanyi. Da na bi ra'ayina, da daren farko na karya doka da hannuna, kuma bayar da wuri a yi caca ba bisa ƙa'ida ba, laifi ne da ke iya kai mutum ga tara ko ɗauri. Ga wanda takardun zamansa ke jiran sabuntawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na gwada wata hujjar da dattijon ya ba ni, cewa poka wasan ƙwarewa ne ba na sa'a ba. Ta ce an riga an kai wannan magana kotu. A 2007 an samu shugaban wani kulob na poka a Landan mai suna Gutshot da laifi, ya ɗaukaka ƙara a kan cewa ƙwarewa ta fi yawa a wasan, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi a 2008. In dai akwai sa'a a ciki, ko da ƙwarewa ta haɗu da ita, doka wasan sa'a take kiransa. Na kuma tambayi hanyar kulob, don na ga an fi sakar musu mara: fam 10 ga mutum a wasa, fam 250 a yini, fam 1,000 a mako. Ta ce kulob sai yana da mambobi aƙalla 25, ya zama na dindindin, kuma ba don wasan aka kafa shi ba. Sabon mamba ma sai ya yi awa 48 da neman shiga kafin ya zauna a tebur. Mutum goma sha huɗu da karta kaɗai ta haɗa su ba za su zama kulob ba don sun canza suna.

Kafin ta tafi ta jawo hankalina ga wani abin da ban ma yi tunaninsa ba. Wasan nan yakan kai sha ɗaya da rabi na dare. A ƙarƙashin dokar lasisi ta 2003, sayar da abinci mai zafi ko abin sha mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba sai da lasisi, ko kofin shayi ne. Ga shago mai darajar haya irin nawa kuɗin nema fam 190 ne, sannan fam 180 duk shekara, ga tallan da za a buga a jaridar gari, ga shuɗiyar takarda da za a manna a taga kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Na lissafa na ga bai cancanta ba. Sai dai a fara da wuri a tashi da wuri. Na roƙe ta ta rubuto mini abin da ta faɗa, bayan kwana huɗu imel ya shigo: in babu zubi, babu kyauta kowace iri, babu makin da ke kai mutum wata gasa mai kyauta, to abin da ake yi ba caca ba ne a idon doka. Na buga shi a takarda na ajiye a aljihun kanta.

Saura ɓangaren da ya fi damuna tun farko. Bayan sallar isha'i na tsaya na jira Malam ya sallami mutane, na zauna na kwashe labarin duka na gaya masa, har da zuwana mashayu, ban ɓoye ba. Ya saurara bai katse ni ba. Ya karanto ayar Suratul Ma'ida ta 90, inda aka haɗa giya da caca aka ce a nisance su, ya ce duk inda mutane suka zuba dukiya sa'a ta ba wa ɗaya ta hana saura, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Wasan karta ba tare da kuɗi ba kuwa, ya ce malamai sun yi saɓani, wasu sun hana don toshe ƙofa, wasu sun ƙyale da sharaɗin kada ya shagaltar da mutum daga salla, kada ya jawo zagi da gaba. Sai ya ce, "Alhaji, gidanka ne, amanarka ce. In ka buɗe, kai ne mai tsaron ƙofar. Ranar da ka ga kuɗi ya hau tebur ka yi shiru, ranar ka zama abokin tarayya." Ya kuma ce in ji ta bakin abokin sana'ata, kada in yi gaban kaina. Na lura da wani abu a hanyar komawa gida: jami'ar ta fi sa ido a kan abin da ake ci, Malam ya fi sa ido a kan abin da ake zubawa. In na cire duka biyun, na fita daga hannun kowannensu. Yaya ya amince da sharaɗin shi ba zai shiga ɗakin ba, kuma yaranmu ba za su yi hidimar teburin ba.

Sauran ƙananan matakai ba su ɗauki lokaci ba. Na rubuta wa mai ginin ya ce ba matsala, na sanar da kamfanin inshora suka rubuta a fayil ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na sayi akwatin kwabban roba biyu, da kartar roba wadda ba ta jin maiƙo, da koren ƙyalle, duka bai kai fam 100 ba. Na rubuta ƙa'idoji na manna a ƙofar ɗakin: babu kuɗi, babu kyauta, babu giya ko da daga waje aka kawo, babu wanda bai kai 18 ba, a tashi ƙarfe goma da rabi.

Ranar da na tara su na gaya musu, ita ce mafi nauyi. Na ce ba zan iya shigar da su lig ɗin kamfani ba, makinsu zai tsaya a allon da ke bangon nan. Shida daga cikinsu suka ce su burinsu wasan yanki ne, suka koma wata mashaya da ke da nisan tasha uku a bas. Ban ga laifinsu ba, mun rabu lafiya, biyu ma har yanzu suna zuwa sayen tsire. Takwas suka zauna, yawancinsu dattawa, da mutum biyu da suka daina shan giya, waɗanda suka ce mini dama zaman mashaya yana yi musu wuya. A mako na uku wani baƙo da aka gayyato ya zaro takardar fam 5 ya ajiye gefen kwabbansa, ya ce shi da na kusa da shi ne kawai. Ina tsaye da tiren shayi, kafin in buɗe baki dattijon ya tura masa kuɗinsa ya nuna masa takardar ƙofa. Mutumin ya mayar aljihu, bai sake dawowa ba.

Ga wanda za a kawo wa irin wannan magana, shawarata kada ya fara da kamfanin lig ko da shafukan intanet kamar yadda na yi, ya fara da sashen lasisi na ƙaramar hukumarsa, kyauta ne, kuma ya aika da wuri don jiran yana iya kai mako biyu. Ya faɗi komai dalla-dalla, har da abin da yake ganin ƙarami ne kamar farantin abinci ko rangwame ga wanda ya ci, don a nan tarkon yake. Ya nemi amsa a rubuce. Kada ganin wani gidan abinci yana yi ya ruɗe shi, ya duba ko suna da kantar giya. Ya duba lokacin tashi saboda ƙa'idar ƙarfe 11. In Musulmi ne ya je wurin malaminsa tun kafin ya yi wa kowa alkawari. Ni na bar wannan a ƙarshe, kuma da Malam ya ce a'a da na sa dattijon nan jiran banza na mako bakwai. Wanda kuma yake Scotland ya sake tambaya, don dokar lasisin giya da abinci ta can daban take da ta Ingila.

Yanzu mutum goma sha ɗaya ne ke zuwa daren Talata. Ni ba na wasa, ina kai shayi in koma kanta, lokacin salla in bar wa ma'aikacinmu in shiga ciki. Wata rana na kawo musu kartar Whot da muke yi muna yara a Zariya, na gaya musu asalinta daga ƙasarsu ne, babu wanda ya san ta sai tsohuwa ɗaya da ta ce kakarta tana da ita. Tun farko na sanar da su cewa da azumi ɗakin na masu buɗa-baki ne, wasa zai tsaya wata guda. Dattijon ya tambaye ni yaushe ne Salla, na ce sai an ga wata. Ya ɗauki alli ya rubuta Talata biyu a ƙasan allon, ya ce duk wadda ta tabbata in goge ɗayar.